Kwana Goma Sha Ɗaya a Cikin Babbar Na'ura

Ɗakin na'urori ba shi da taga. Ƙofa ɗaya ce, mai rufe kanta, sai sanyi mai shiga ƙashi. Tun hantsi Dogo yake ciki, a kan kujerar da ƙafarta ɗaya ta gaji.

A baki aikin ba wuya. Wurin gwajin jini ne, za a kwashe rumbun bayanan marasa lafiya daga tsohon tsari zuwa sabo. Babbar na'ura ba ta hutawa, ma'aikata na ta zuba mata sakamako, don haka ba a taɓa ta ba. A gefenta akwai ta ko-ta-kwana, wadda ke kwafe duk abin da babbar ta rubuta nan take. Daga ita aka riƙa jan bayanan, kwana uku. Yau lissafi ya daidaita: abin da ke cikin ta ko-ta-kwana shi ne a sabon tsari, ba ragi ba ƙari. Ƙarfe biyu za a goge babbar tas, masu ita su ɗauke kayansu, don ta haya ce.

Kawunsa ya leƙo. Shi ne injiniyan wurin, shi ya kawo Dogo aiki bara ba tare da wata takardar kirki ba. A gabansa ya ce wa Manaja, "Ɗan ƙanwata ne. In ya yi ɓarna, ni na yi."

"Ka daskare ne, ko da sauran rai?"

"Da saura, Kawu."

"Lissafi ya yi?"

"Ya yi."

"Bari in kira Manaja. Ban da gyangyaɗi, kai da aka haifa kana hamma."

Ƙofa ta rufe. Don rage zaman shiru, Dogo ya buga sunan mahaifiyarsa a sabon tsarin. Ranar Talata shi da kansa ya kawo ta gwajin suga.

Babu na Talata.

Ya sake bugawa a hankali. Na wata huɗu baya ne ya fito. Ya nemi sakamako na ƙarshe da ya shiga rumbun gaba ɗaya. Kwana goma sha ɗaya ke nan da shigarsa.

Sai ya tuna. Ran nan ne masu gyara suka zo sauya batura. Shi ya tsayar da kwafin don kada wuta ta katse shi a tsakiya. Ya rubuta "a kunna" da biro a bayan hannunsa, ya je cin abinci, ya wanke hannu. Fitilar ta ko-ta-kwana ba ta daina nuna kore ba. Tana da rai, sauraro ne ta daina. Su kuwa kwafi suka yi ta gwadawa da kwafi, ba wanda ya tambayi babbar.

Mutum wajen dubu biyu. Sakamakonsu ba ya ko'ina sai cikin na'urar da za a goge. Agogo ya ce biyu saura kwata. Ko yanzu ya kunna, sai an yini an kwana kafin ta cim ma babbar.

In ya yi shiru, sai Litinin za a gane, a ɗora wa sabon tsari. In ya yi magana, Kawu ne zai sha kunya. Ya dubi ƙofa. Ya dubi bayan hannunsa, fes.

Suka shigo su huɗu: Kawu, Manaja, da mutum biyu na masu haya, suna turo amalanken ƙarfe. Ɗakin ya cika. Dogo ya miƙe, bayansa ya jingina da babbar na'ura.

"Malam Dogo, ɗan matsa mana," in ji Manaja.

Bai matsa ba. Babu ma wurin matsawa.

"Ba za a goge ta yau ba, ranka ya daɗe. Na tsayar da kwafi ran batura. Ban kunna ba."

Kawu ya sunkuya kan allo, ya daɗe yana kallon kwanan watan. Bai ɗago ya dubi Dogo ba.

"Ku dawo Litinin," ya ce wa masu amalanke.

"Litinin ɗin ku same ni a ofis," in ji Manaja. "Ku biyun."

Suka fita, ƙofa ta rufe kanta. Kawu ya jawo kwali ya zauna.

"Kunna."

Dogo ya kunna. Wata doguwar lamba ta sakamakon da ya rage a kwafe ta fito, ta fara raguwa kamar ba ta so.

Can Kawu ya ce, "Sugan uwar taka fa, ya sauka?"

Dogo ya nuna babbar da haɓa.

"Yana ciki. Bai iso ba tukuna."