Wayar da Ba Ta Iya Raɗa

Wayar Anti Tela ba ta da sirri. Tun ranar da ta faɗa bokitin wanki ta daina magana a kunne, sai dai a sifika, kowa ya sha labari. Ga gidan ciki da falo ne. Keken ɗinki a falo yake, kuma a nan surukarta Inna take wuni kan doguwar kujera tun rasuwar ɗanta, mijin Anti Tela.

Asibitin unguwa sun turo saƙo: lokacin gwajin sankarar bakin mahaifa ya yi, ta kira a ba ta rana. Ta goge. Suka sake turowa, ta sake gogewa. Ba gwajin take tsoro ba, wadda ta haihu huɗu me ya rage ba ta gani ba? Kunya ce. Mace ba miji shekara da shekaru, a ce ta je a duba ta a can, Inna ta ɗauka me? Tsakaninsu kuwa kunya ce irin ta da, ko audugar mata a ƙasan buhun ƙyallaye Anti Tela take ɓoyewa.

Da abin ya dame ta, ta fake da sayen zare, ta laɓe a bayan shagon mai caji ta kira. Aka ce mai ba da rana ta fita, za a neme ta. Ta dawo gida tana addu'ar Allah ya sa su manta.

Ina! Ba su manta ba. Washegari da hantsi tana kafa bakin siket, allurai a baki, waya ta yi ƙara. Ta zaci mai kayan ce, ta danna.

"Salamu alaikum, daga asibiti ne, kan gwajin bakin mahaifa da kika nema."

Muryar ta cika falon tamkar mai shela. Inna na zaune tana warware mata wani tsohon ɗinki da reza. Anti Tela ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. In ta kashe, ta tona kanta. In ta ce ta tashi, ga siket da allurai a kan cinya.

"Ba... ba ni da miji fa," ta ce, murya can ƙasa. "Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Amma wannan ba ya hana gwaji, Hajiya. Ƙwayar cutar tana iya kwanciya shekaru ba ta nuna kanta ba, shi ya sa muke kiran mace ko lafiyarta ƙalau. Minti kaɗan ne, kuma mace ce za ta duba ki. Ba kya ganin jini a lokacin da ba nasa ba?"

"A'a."

"Madalla. In kin taɓa gani, kar ki jira rana, ki zo kawai. To, ba ma so ya faɗo kina cikin al'ada. Yaushe kika gama?"

Nan fa ake yin ta. Anti Tela ta ƙura wa ƙafar keke ido. A gaban uwar mijinta? Gara ta ce lambar kuskure ce, kowa ya huta. Har ta kai yatsa kan jan madannin.

"Jiya ta yi wanka," in ji Inna, ba ta ko ɗago daga ɗinkin ba. "Na ga ta shimfiɗa darduma da azahar."

"To, ranar Laraba da safe ta yi? Wa ke magana, don Allah?"

"Uwarta ce. Rubuta Laraba."

Waya ta mutu. Ashe duk ɓoye-ɓoyen nan na shekaru a banza, tsohuwa tana lissafe da ita. Anti Tela ta ja gefen mayafi ta rufe fuska.

"Inna, wallahi ba wani abu ba ne, su ne suka..."

"Na tambaye ki?" Inna ta ajiye rezar. Ta daɗe tana kallon hoton da ke saman talabijin, na 'yarta Auta, wadda ta rasu kafin a kawo Anti Tela gidan. "An ce miki ciwon ciki ne ya kashe ta, ko? Ni na ce a faɗi haka. Wata da watanni yarinyar nan tana zubar da jini, tana wanke zannuwanta a ɓoye don kar in gani. Na kuwa gani. Ta ji kunyata, na ji kunyarta, muka yi ta gaisawa lafiya lau. Ranar da muka je asibiti, likita ya ce ina muka shiga tuntuni."

Ta share ido da bakin zane, ta ɗauki rezar.

"Laraba ki tashe ni da wuri. Ba zan shiga ba, a benci zan zauna in riƙe miki jaka. Ita ban riƙe mata ba."