Suna Ɗaya, Takarda Biyu

…kuma bencin nan sanyi gare shi, Marietta, ko kuwa ni ne na yi sanyi? Matakala arba'in da ɗaya daga titi zuwa wannan ofishi na kotu. Na ƙirga. Da kina raye da kin ce, kai dai Isidoros, ko ranar tashin ƙiyama sai ka tsaya ƙirga matakala. Mutum biyu ne a gabana. Wani matuƙin jirgin ruwa mai warin taba, da wata yarinya da ke ta latsa waya. Ɗalibar jami'a ce, na ji tana gaya wa akawu. Takardar shaidar rashin laifi ta zo karɓa. Kowa ita yake nema yanzu. Ba a barinka ka tsaya gaban 'ya'yan mutane sai ka nuna ta.

Litinin jami'ar jikanmu take rufe karɓar takardar. Yau Alhamis.

Jikanki, Sideris… shekara huɗu yana koyon yadda ake karantar da yara kurame, can babban birni. Saura zango ɗaya, wanda ake tura su aji su gwada. Jami'a ta ce kowa ya kawo takardarsa. Tasa ta fito ranar Talata. Layi ɗaya: ya buge mutum da mota, ya gudu. Ɗaurin wata takwas, na je-ka-gyara-halinka. Layi ɗaya tak, da inji aka buga shi, ko kyan rubutu babu. Suka ce ba zai shiga aji ba. Ba aji, ba digiri. Shekara huɗu…

Shi bai buge kowa ba. A inda kike ai kin sani.

Safiyar Ista, shekara uku ke nan. Likita ya riga ya ce yanar ido ta rufe mini na dama, lasin ɗina ya mutu tun kafin hunturu. Burodi kawai zan ɗauko, na ce. Minti goma. A kwanar da ke gangarowa tasha wani abu ya bugi gefen motar, kamar buhu… Fotini ce, mai sayar da alewar lukumi, da kwandonta. Na gan ta a madubi. Na gani, Marietta! Farin garin sukari ya watsu a kan titi, ita kuma tana kwance a ciki, hannu ɗaya a sama. Ƙafata ba ta taka birki ba. Ƙafar wa ce wannan? Ni da ban taɓa tsallake layi a littafi ba?

Har yau da sanda take tafiya. Tana gaishe ni a ƙofar coci. Ni take gaisarwa, shi kuma ta tofar da yawu in ya wuce.

Yarinyar ta karɓi tata. Tana murmushi, ta ɗauke ta hoto da waya. Saura matuƙin jirgi.

Ranar Istar, da azahar, ɗan sanda ya zo. Muna kan tebur, jajayen ƙwai a kwano, naman rago bai ko huce ba. Wani ya ɗauki lambar motar. Ɗan sandan ya buɗe takarda ya karanta: Isidoros Voutsinos ɗan Markos. Mu biyu ne a ɗakin masu wannan suna. Mu biyu, harafi da harafi. Ubana Markos, ɗana Markos, ni Isidoros, jikana Isidoros. Sideris ai sunan gida ne kawai, ba ya cikin takardar kowa. Ɗan sandan ya dube ni, ya dube shi. Yaron ya dube ni, ina riƙe da ƙwai a hannu. Shekararsa goma sha tara. Ya tura kujera baya.

"Ni ne," ya ce.

Ni kuwa ina ɓare ƙwai. Na ɓare shi tas, ban bar ko ɗigon ɓawo ba. Na tara ɓawon a gefen faranti… a tsare.

Fada Anselmo, a makarantar mishan, da rula a hannu yana kiran suna kowace safiya. In an kira sunanka ka miƙe tsaye ka ce, ga ni. Ba a amsa wa wani, ba a barin wani ya amsa maka. Suna amana ce, yara, shi kaɗai za a kira ku da shi a gaban Ubangiji. Shekara shida ban taɓa makara ba. Ni ya ba kyautar kyan rubutu, sau uku. Ni ya nema wa aikin rajistar haihuwa. Shekara arba'in ina rubuta sunan duk wanda aka haifa a tsibirin nan, ba kankara, ba ɗigon tawada. Sai rana ɗaya aka kira ni da gaske…

Kin tuna Loukia, surukarmu, da cikinta? "Baba, sunan nan ya tsufa, ni Orestis nake so." Na buga tebur har kofin gahawa ya kife. Ɗan fari sunan kakansa yake ci, haka aka yi tun kafin a gina cocin nan! Ke kika taɓa mini hannu a ƙarƙashin tebur, kika ce bar su mana. Ban bar su ba. Da alƙalamina na shigar da shi littafi, watan ƙarshe kafin in yi ritaya. Na tsaya ina kallon rubutun yana bushewa, ina jin daɗi. Ashe rigar da zan ɓuya a ciki nake ɗinka wa jariri.

Wasiƙar tana aljihun hagu. Shafi uku. Sau huɗu na sake ta, saboda a ta farko na rubuta "tsautsayi", a ta biyu na rubuta "ruɗewa". A wannan babu ko ɗaya. Ni ne na tuƙa, ni ne na gani, ni ne na gudu. Kwanan wata, sa hannu. Jiya na kai wa lauya ya duba. Ya cire tabarau ya ce, "Baba Isidoros, in ka miƙa wannan, ai ka nuna yaron ya yi wa kotu ƙarya ke nan. Layi biyu zai zama, ba ɗaya ba. Kuma ko sun saurare ka, ba wannan Litinin ba, ba ta baɗi ba."

To gaskiyar ma lokaci gare ta? Ta ruɓe kamar kifi? Fada bai gaya mana wannan ba. Ya ce a faɗe ta kawai… bai ce tana da ranar rufewa ba.

Markos bai sani ba. Loukia ba ta sani ba. Shekara uku suna yi wa ɗansu kallon wanda ya bar tsohuwa a kan titi. Ubansa ya mare shi a wannan ranar, a gabana. A gabana, Marietta.

Sideris ya kira ni a waya ranar Talata. "Takwara, kana ci da kyau kuwa, ko har yanzu busasshen burodi da zaitun?" Sannan ya faɗa mini maganar takardar. Na ce zan je in faɗa. Ya ce, "Tsoho, zauna inda kake, matakalar kotu ma ta fi ƙarfinka. Zan koma gidan abincin kawu in riƙa ɗaukar faranti. Ai su ma baƙin nan da hannu ake yi musu magana, karatuna bai tashi a banza ba." Ya yi dariya. Na ji yana jan hanci, ya ce mura ce. Mura a watan Satumba.

Ya taɓa nuna mini sunan da ya raɗa mini da maganar hannu. Yatsu uku a haɗe, kamar mai riƙe da alƙalami, sannan a taɓa ƙirji. Mai rubuta gaskiya, ya ce. Kafin Istar ne. Tun daga nan bai sake yi ba… ko kuwa ni ne ba na iya kallon hannunsa?

Me ya kawo ni nan, in ba zan miƙa wasiƙar ba? Jiya, daga wurin lauya, na hau matakalar nan na cika takardar neman tawa shaidar. Tawa. Don me? Don in gani kawai… Ban sani ba.

"Isidoros Voutsinos ɗan Markos!"

"Ga ni."

Kin ji? Kin ji yadda ya fito da sauƙi? Har na miƙe kafin ta rufe baki. Gwiwoyin nan da suka ƙi tashi a wancan tebur.

Akawun tana buga hatimi. "Fari tas, Baba, babu komai. Aure za ka ƙara ne ake neman shaidarka?" Tana dariya. "Ina ma kowa irinka ne, da mun huta."

Na gode, 'yata. Na ce na gode.

Ga ta. Sunansa ne a sama. Sunan ubansa. Garinsa. A ƙasa kalma biyu: babu komai. Abin da jami'a take so ke nan, daidai da daidai… sai shekarar haihuwa, sai sunan uwa. Lamba huɗu da kalma ɗaya. Hannuna zai iya canza su, har yanzu ba ya rawa in ya riƙe alƙalami. A'a. Inji ne yanzu, suna dubawa, kuma wani layin zai ƙaru. A'a.

Ba tawa ba ce, Marietta. Wannan tasa ce. An buga masa ita tun yana shekara goma sha tara, ni na zo na karɓa. Tawa tana can babban birni, a hannun wata mata a ofishin jami'a, ta karanta ta girgiza kai.

Bakin matakala. Rana ta cika farfajiya, idon dama ba ya ganin komai sai fari, kamar garin sukari. Ƙofar mai gabatar da ƙara tana nan hagu, taku bakwai. Titi yana ƙasa, arba'in da ɗaya. Na ciro wasiƙar, ban san lokacin da na ciro ta ba. Ita a wannan hannu, farar takarda a wancan… da wanne zan kama ƙarfen matakala?

Wani yana bayana. "Baba, sauka za ka yi, ko kuwa?"

Ina zuwa. Bari in… ina zuwa.