Motar Masu Ƙafa

Auta ta sake buga ƙofar ƙarfen da tafin hannu, maigadi ya leƙo ta tagar ɗakinsa yana tauna.

"Baba, ganawar ɗaukar aiki na zo, lokaci ya kusa."

"Ina motarki?"

"Da ƙafa nake."

"To, 'yata, ƙofar nan ba ta san ƙafa ba. Takardar da ke manne a gilashin mota take gani ta buɗe. Ni kaina ba ni da makulli."

Bas ya sauke ta can bakin babban titi, ta yi ta tafiya a gefen kwalta motoci na watsa mata iska. Dogayen ofisoshin gilashi ga su nan a bayan katanga, amma waɗanda suka gina wurin sun manta cewa Allah ya halicci mutum da ƙafafu. Shekararta biyu tana neman aiki, yau kuma ƙofa za ta kayar da ita. Hawaye ya cika mata ido.

"Ke, share fuskarki, kada hodar ta lalace!"

Wata dattijuwa ce mai kayan shara, wadda ake kira Gwaggo, da ayarin masu goge-goge da masu dafa abinci a bayanta. Suka nufi gindin wata bishiya, suka yaye wani tamfol da aka lulluɓe wani abu da shi. Wata tsohuwar mota ce, ba inji, ba kujerar baya, amma takardar shiga na nan a gilashinta fes. Wani ma'aikaci ne ya yar da ita, su kuma suka ɗauke ta riƙo.

"Kullum da safe mu tura ta ciki, da yamma mu turo ta waje," in ji Gwaggo. "Baƙo ke riƙe sitiyari. Shiga."

"Gwaggo, ban taɓa tuƙi ba!"

"Ita ma ta daɗe ba ta yi tafiya da kanta ba. Kun dace."

Auta ta zauna, ta kama sitiyari. Aka ce bismilla, aka dafa. Motar ta yi ƙara, ta gangara, ƙofar ta ja da baya cikin ladabi, maigadi har da sara musu. Saura kaɗan ta hau kan furanni, matan na ihu, "Dama! Dama, direba!"

A hawa na huɗu, shugabar ma'aikata ta gama tambayoyinta, ta rufe fayil.

"Wurin nan da nisa. Waɗanda muka ɗauka a baya duk sun gudu saboda hanya. Yaya za ki riƙa zuwa?"

Auta ta faɗa mata gaskiya tun daga gindin bishiya. Matar ta yi dariya har da dafe tebur.

"Wadda ta shigo haka ba za ta gudu ba. Ki fara gobe."

Da yamma Auta ta jira su Gwaggo a wurin ajiye motoci, murna ta hana ta zama. Suna isowa ta sanar da su, guɗa ta tashi. Ta buɗe ƙofar direba za ta shiga, Gwaggo ta riƙo mayafinta.

"Ina za ki? Kujerar baƙi ce wannan. Ke yanzu 'yar gida ce, koma baya."

Auta ta cire takalmanta masu tsini, ta jefa su cikin motar ta taga, ta dafa bayan motar da hannu biyu.