Ɗigon Ruwa a Ganyen Lalle

"Ɗauke kwanon ga, Larai. Ba su shan ruwa cikin kwano."

Inna Hajjo ce ke magana daga kan tabarmarta a bakin ɗaki. Ni kuwa ina tsugune gaban wani kwando, nesa-nesa, hannu kawai na miƙa. A cikin kwandon an kafa reshen lalle, an lulluɓe da tsohon gidan sauro. A kan reshen 'ya'yan hawainiya ne, kowace ba ta kai tsawon ƙaramin yatsana ba.

"To da mi za su sha, Inna? Da cokali?"

"Tsoma hannu ki yayyafa ma ganye. Ɗigon sukan lasa."

Ni fa in akwai abin da na tsana a duniya, hawainiya ce. Tun muna yara ake ce mana in ta hura wa mutum iska fatarsa ta lalace. Ga idanun nan kuma, ɗaya na kallon Gwandu ɗaya na kallon Kalgo. Amma katanga ɗaya ce tsakanina da Inna tun da aka kawo ni unguwar, kuma duk haihuwata ita ta yi mini wankan jego. Wa zai ce mata a'a?

Asalin abin, damina ce ta kayar da katangar bayan gidanta. Da kaka ɗanta Haliru, wanda ke koyarwa a Kalgo, ya kawo magina. Suna haƙa a gindin lallenta suka tono waɗansu ƙwai farare masu taushi. Za su murje su da ƙafa ta hana.

"Uwassu ta bizne su gidana," in ji ta. "Baƙina na."

Ta zuba su a kasko da rairayi mai danshi, ta tura gindin randa inda ke da sanyi. Wata da watanni tana yayyafa wa rairayin ruwa, mu kuma muna yi mata dariya. Na ce, "Inna, in sun hito a raba mana goron suna." Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Sai ga su sun fito, ana tsakiyar bazara, ko'ina ƙayau, ba ciyawa ba ƙwaro. In an sake su a lokacin, in rana ba ta kashe su ba kaji sun tsince su. Dole a riƙe su har ruwa ya sauka, ita kuma ba ta iya tashi. Aikin ya faɗo kaina.

Ita ta koya mini jefa ɓawon mangwaro a kwandon don ƙananan ƙudaje su taru. Ranar da na fara ganin ɗaya ta wurgo harshe ta cafke ƙuda, baya na faɗi zaune. Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Kullum da hantsi nakan ja kwandon kusa da tabarmarta, ta yi ta kallonsu suna taku, gaba kaɗan baya kaɗan. Ta ce su kaɗai ne a gidan ba su fi ta sauri ba.

Wata rana ta ce, "In ruwan farko yaz zo ban nan, ki maida su ga lallensu. Da hannunki hwa, ba da tsinke ba. Tsinke na karya masu ƙahwa."

"Haba Inna, tare za mu sake su."

"Na dai gaya maki."

Jan kwando kam na iya, amma taɓa su?

Da jiki ya yi nauyi Haliru ya baro Kalgo ya tare a gida. Ya zamana ko ruwa aka kafa mata a kofi sai ta ƙware. Na shigo na same shi riƙe da kofin, idonsa ya yi ja.

"Yaya Larai, ta ƙi sha tun jiya."

Na karɓa, na tsoma yatsu na ɗiga mata a leɓe. Ta lasa. Na ƙara, ta sake lasa. Sai ta buɗe ido ta dube ni.

"Yau ni ma na koma ɗiyar hawainiya."

Muka yi dariya mu uku, Haliru yana yi yana share fuska. Ba ta da wata damuwa, wallahi. Ta yafe wa kowa, ta nemi a yafe mata, ta ce kada a bar lallen ya bushe. Washegari da hantsi ta cika, fuskarta na kallon kwandon. Kafin azahar an kai ta. Na yi kuka sosai, don uwa na rasa.

Wurin zaman makoki mata suka ce a kai wannan abin juji. Na ɗauki kwandona na shige gida. Maigidana Bashir ya ce, "Wasu na gadon akuya, ke ga naki." Na ce ya dai ajiye mini ɓawon mangwaronsa. Biyu sun mutu mini a zafin nan, na binne su ina jin kunyar Inna. Sauran suka yi ƙwari, ni kuma kullum idona na gabas.

Ruwan ya zo wata Laraba da la'asar. Da safe na karɓi makulli, na ɗauki kwandon na shiga gidan Inna. Tabarmar na naɗe a jingine, lallen ya sha wanka. Na yaye gidan sauron, na ɗauki tsinke, na tsaya. Sai na yar da shi, na yi bisimilla na miƙa yatsa.

Ta farkon ta daɗe tana shawara kafin ta hau. Ashe riƙonta ba ya da zafi, kamar jariri ya kama maka yatsa. Ɗaya bayan ɗaya na kai su. Ta ƙarshen ta ƙi sauka, ƙafafun baya a hannuna, na gaba a kan reshe. Ban girgiza ta ba. Na tsaya a haka, hannu a miƙe, tana lasar ɗigon da ke reto a bakin ganye.