Fuskar Zarami a takardar zaɓe

Tunda Zarami ya taso daga Maine-Soroa ya auri ɗiyarta Kellu, Ya Gumsu ba ta taɓa kallon fuskarsa ba. Ta san muryarsa, ta san takalmansa da yake tuɓewa a bakin zana. In ya durƙusa gaisuwa, ita ta dubi garu, shi ya dubi ƙasa. Haka surukuta take a gidansu, kuma ba wanda ya taɓa cewa ta yi masa nauyi.

Sai ga shi bana ya tsaya takarar konsaye, wato kansila, a meri, majalisar gari, kuma ta yi niyyar ƙuri'arta tasa ce.

Ana saura kwanaki zaɓe, wata Madam Jamila ta zo Assaga daga Diffa da takardun ƙuri'a na gwaji, ta tara mata a masheƙar tattasai.

"Hotunan nan don ku aka sa su," in ji ta. "Wadda ba ta yi lakkwal ba, ba ta iya karatu ba, ta dubi fuska ta dangwala yatsa a ƙarƙashi. Adalci kenan."

"Adalcin wa?" in ji Rabi'atu, maƙwabciyar Gumsu, tana jujjuya takardar. "Wannan Kashim ne? Kashim da furfura ta cinye? Nan kuwa kamar ango. Madam, saurayin za mu zaɓa ko tsohon?"

Mata suka kwashe da dariya.

Da layi ya zo kan Gumsu, Rabi'atu ta raɗa mata cewa surukin nata ne na uku daga sama. Gumsu ta kau da kai wajen kogi, ta lalubo, ta danna. Tawada ta sauka a gidan da ke ƙarƙashin hoton Kashim.

"Iya, sai kin duba fa," in ji Jamila.

"Mijin ɗiyata ne, yarinya."

"Ai hoto ne kawai."

"Hoton ba idonsa ba ne a jiki? Wanda ya shirya takardar nan, shi ba shi da suruka?"

Jamila ta miƙo wata takardar. Aka sake gwadawa, wannan karo yatsa ya hau kan layi, rabi nan rabi can. Jamila ta ce irin wannan zubarwa ake yi.

Ran zaɓe Gumsu ta shiga bayan labule a ajin lakkwal, da dabararta: ta shimfiɗa gefen mayafi a kan fuskokin, ta ƙirga daga sama. Amma mayafin ya rufe har gidajen dangwalawar. In ta ja shi kaɗan, haɓar mutum ta fito.

Ta tsaya. Ta waiga, labule ne kawai. Ba Kellu, ba Rabi'atu, ba ma Zaramin kansa. Sai ta ji wani abu da ba kunya ba yana motsi a ranta: shin wai yaya ma yake?

Ta janye mayafin.

Ashe siriri ne. Ita da take jin muryar nan mai kauri, ta ɗauka ƙato ne mai kumatu. Ga tsagen ƙabilar Manga a fuska, ga wushirya, ga kunnuwa manya sun ɗage hula. Kunnuwan nan ta san su sarai: su ne a kan jikokinta duka, ita kuwa shekara da shekaru tana ɗora laifin a kan dangin Malam, marigayi mijinta.

"Iya, lafiya dai?" shugaban buron zaɓen ya kira daga waje. "Mutane na jira."

"Su jira."

Ta ƙara dubansa da kyau, don ta san ba za ta sake ba. Sannan ta tsoma yatsa a tawada, ta danna daidai tsakiyar gidansa, ta ninke takardar fuskar na ciki.

A ƙofa Rabi'atu ta tare ta. "Wannan daɗewa fa? Kashim ya sake samu?"

Gumsu ta gyara mayafinta. "Allah ya jiƙan Malam," ta ce. "Na zalunci kunnuwan danginsa."