Zarton da Ya Ƙi Bin Layi

Kwana tara da binne Usuman, injin yankan katako ya fara iskanci. Haka dai Bawa ya ce. A ja layi da fensir, a tura katako, zarton ya kama layin kamar abin kirki, yana kaiwa tsakiya sai ya soma zamewa gefe. Katakon ya fito kai da kauri, gindi sirit. Huɗu ya lalata kafin azahar, na ƙofofin wani gida a unguwar Hindawiyya, kuma ba katakon banza ba ne.

Bai yi fushi ba. Tun ranar jana'izar babu abin da ke shigarsa. Ya ci abinci bai ji gishiri ba, a yi masa gaisuwa ya ce amin, shi ke nan. Shekara ashirin da uku suka yi tare a warshar Abdulmohsen, shagon kafinta da ke unguwar Sa'alaba, Bawa na tura katako daga gaba, Usuman na karɓa ta baya. Yanzu wani benci ya ajiye a wurin, katako ya riƙa sauka a kai.

Abu ɗaya ya rage da ke ɗan damunsa. Iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, za ta ƙare ƙarshen wata, kuma Abdulmohsen, kafilinsa da ya tsaya masa wurin hukuma, shi zai sabunta ta ko ya ƙi. Ga hannun hagun Bawa, shekara biyu ke nan da ya tashi wata safiya ya ji shi ya yi nauyi kamar na aro. Yana ɗagawa, yana lanƙwasawa, amma ƙarfin ya tafi. Matarsa Ikilima kaɗai ya gaya wa. Kafili ba ya sabunta wa kafinta mai hannu ɗaya takarda, in kuwa babu takarda sai a mayar da shi ƙasarsu Sudan, inda yaƙi ya watsa danginsa, ko ɗakin kwana ba shi da shi.

Don haka laifin injin ne, dole ma ya zama na injin.

Ya kashe wuta, ya buɗe murfin, ya cire zarton, doguwar ɗamarar ƙarfen nan mai haƙora da ke zagaye tayoyi biyu. Ya duba haƙoran a hasken ƙofa, ya ce na gefe ɗaya sun dakushe. Ya sa sabo fil. Ya ɗaure shi tamau, ya juya tayar sama da hannu har zarton ya zauna daidai tsakiya. Ya kankare garin katakon da ya daskare. Ya matso da ƴan ƙarafan da ke riƙe zarton ta gefe da gefe, har sai takarda ce kawai za ta iya ratsawa. Ya daidaita dogon ƙarfen da katako ke jingina da shi. Wallahi ko wanda ya ƙera injin iyakar abin da zai yi ke nan.

Ya kunna, ya tura katako. Ya karkace.

Ya tsaya yana kallonsa. Ya san ya kamata gabansa ya faɗi, amma shiru. Ya ɗauko wani.

Bayan la'asar Abdulmohsen ya shigo. Dattijo ne, shi ma da zarto ya fara kafin ya zama mai warsha, ba a yi masa ƙaryar katako. Ya dubi tarin ɓarnar da ke jingine da bango.

"Injin ne, Abu Sa'ud," in ji Bawa da Larabci, yana kiransa da alkunyarsa. "Tun safe nake fama da shi."

"To, mu gani."

Ya naɗe hannun riga, ya ɗauki guntun katako ya tura da kansa. Ya fito sak, kamar an ja da zare. Ya sake wani, haka. Daga nan ya ture bencin da ƙafa, ya tsaya inda Usuman ke tsayawa.

"Yalla, ya Bawa. Turo dogo, ni zan karɓa."

Bawa ya tura da dama, ya ɗora hagu yana danna katakon jikin ƙarfen, ko kuma dai yana zaton yana dannawa. Kan katakon ya isa hannun Abdulmohsen. Ba a kai rabi ba dattijon ya ɗago kai ya dube shi, ya miƙa hannu ya kashe injin. Zarton ya yi ta juyawa yana rage gudu har ya tsaya.

"Ba ni hannunka. A'a, wancan. Matse nawa."

Bawa ya matse iya ƙarfinsa. Jinjiri ma zai fi haka.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"La haula." Abdulmohsen ya sake shi a hankali. "Shekara biyu kuwa. Shi ya sa duk ranar da na ce zan karɓa maka, marigayi sai ya ce in je in huta, ƙura ba ta yi wa ƙirjina kyau. Ashe shi ke miƙo hannu ta baya yana danne maka katakon. Daga nan wurin, in mutum zai danne, sai ya kai yatsunsa bakin zarto."

"Ban gaya masa ba," in ji Bawa.

"Wanda ke karɓar katakonka ba ya jiran ka gaya masa." Ya share hannu da tsumma. "Bara da zarton ya cire masa kan yatsa biyu, ni na kai shi asibiti. Ya ce mini gyangyaɗi ya yi."

Bawa ya tuna ranar. Ya tuna jinin a kan teburin injin, ya kuma tuna abin da ya faɗa, da Hausa, da ƙarfi, don haushin katakon da ya ɓaci: tsoho da kai ba ka san inda za ka ajiye hannunka ba? Usuman dariya ya yi, yana riƙe da hannun a cikin hularsa.

"Ba zan sake tsayar da wani a nan ba," in ji Abdulmohsen. "Ba zan iya ba, ya Bawa, ka yafe mini. Takardar kuma, kafinta aka rubuta a kanta. Ka zo gida ranar Asabar mu yi magana."

Bawa ya san abin da maganar Asabar ke nufi: sallama ce. Ya ce to, har da godiya.

Da dattijon ya fita, ya zauna a kan bencin. Ya kamata ya yi tunanin Ikilima, da yadda zai gaya mata, da kayan da za su ɗaure. Ya jira tsoron ya zo, bai zo ba. Abin da ya zo daban ne, kunya ce, mai zafi, ita ce abu na farko da ya ji cikin kwana tara. Sau nawa ya tsokani Usuman da mai yatsa takwas, a gaban mutane, a wurin shan shayi? Ya dubi inda Usuman ke tsayawa, ya ce Allah ya jiƙansa.