Gwajin Ƙafa a Bakin Kogi

Ƙanena ne ya matsa mu je gandun namun daji, wai tattaki zai taimaki ƙafata da ta karye. Hanyar ba tudu, tana bin kogi ta zagayo. Na cije na yi ta takawa ina murmushi, don kada in ɓata masa rai.

Da na tsaya kallon barewa, shi da matarsa suka haye gada, suka ɓullo daidai tsallakena. Sun manta ruwa yana ɗauko murya.

"Kin gani ko?" in ji shi. "Yaya ta warke sarai. Gobe ta tattara ta bar mana ɗakin."

Yaron da na goya ke nan. Ƙafar nan tana zugi kamar ta cire, ashe da murmushina na kori kaina.